Kwanon da Malam Nura Ya Dawo Mana da Shi a Ɗaure

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Uwani,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fatan lokacin da takardar nan za ta shiga hannunki kin sauka lafiya, mota ba ta ba ku wahala ba, kin samu ɗaki mai iska da abokan zama na kirki. Allah Ya tsare ki a hanya da masauki, Ya kare ki daga sharrin mutum da na aljan, da sharrin baki irin na ubanki. Amin.

Na sa takardar ne a ƙarƙashin ƙullin ƙuli-ƙulin da Innarki ta yi miki, don na san nan hannunki zai fara zuwa. Ba labarin gida zan ba ki ba, jiya-jiya kika bar shi. Magana ce da ni wadda ba zan iya yi miki baki da baki ba. Ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata gare ki. Shekara goma sha tara ban taɓa zama na yi miki doguwar magana ba sai in faɗa ne. Abin haushin ke nan. Kunya ta hana ni yi miki magana mai daɗi, amma ba ta taɓa hana ni yi miki tsawa ba.

Innarki ta faɗa mini. Kada ki ga laifinta, ni na matsa mata. Ta ce ranar Litinin, in an zo rajista, za ki nemi a cire ki daga sashen Turanci a mayar da ke wani kos daban. Kin ji labarin cewa a kwalejin horon malamai ana tsayar da ɗalibi a gaban 'yan ajinsu ya koyar da darasi da Turanci, lakcara yana zaune a baya yana rubutu, daga baya kuma a tura shi wata sakandare ya yi zango guda yana koyarwar gwaji. Kika ce mata gara ki dawo gida da a tsayar da ke. Shi kuma Kawunki Lawan ya ce ya san wani a ofis, ya ce ki nemi kos ɗin "da ba a buɗe baki."

Da ba a buɗe baki! A makarantar malamai! Lawan ke nan. Mutumin da ya yi shekara uku a irin wannan kwaleji, ya fito da takarda mai hatimi, amma har yau in asibiti suka ba matarsa magani gidana ake kawo kwalbar a karanta masa, wai idonsa na yaji. Shi ne mai ba da shawara yau. Da na ji, takalmina na ɗauka zan tafi gidansa. Innarki ta tare bakin zaure, ta ce, "Je ka. Je ka ka yi masa irin wadda ka yi wa Malam Nura, mu ga wa za a sake rasawa." Na ajiye takalmin. Shekara ashirin muna tare, ba ta taɓa faɗa mini maganar da ta zaunar da ni kamar wannan ba.

Shi ya sa na ɗauki biro. Ba Lawan ne ya rufe miki baki ba, ni ne. Zan faɗa miki yadda aka yi tun daga tushe, ki yi haƙuri da tsawon takardar.

Kin san a aji uku na firamare na tsaya, kakanki ya ce gona ta fi ƙarfinsa shi kaɗai. Gonakinmu kin san su, ba wadda ake bari ta huta, gero da dawa da wake da gyaɗa duk a wuri ɗaya, tsakaninka da maƙwabci layin gamba ne kawai. Hannu ake nema. Na bar makaranta da haruffa a ka da haushi a ciki. Turancin da kike ji ina yi ba wanda ya koya mini. A jikin buhun taki na fara, da gwangwanin maganin feshi, da tsofaffin jaridun da mai tsire na kasuwar Minjibir yake naɗe nama da su. In ce ya ba ni wadda mai bai taɓa ba, ya ce, "Kai nama ka zo saye ko takarda?" Daga baya na samu ƙamus marar bango a hannun mai baza littattafai a bakin titi a Kano. Ina kora jakuna daga ɗebo taki ina haddace shafi. Ba don ki yaba mini nake faɗa ba, don ki ga inda cutar ta shiga ne. Na koyi abin ni kaɗai, da wahala, ba wanda ya taɓa yi mini gyara, sai na tashi ina ganin duk wanda ya samu malami kamar ya ƙwace mini wani abu ne. In na ga mai takardar makaranta, jinina hawa yake.

Kuskurena na farko, ke kina goye. Gari ya san ni ne mai karanta kwalba. Malam Sule maƙwabcin gonarmu ta gabas, baban ƙawarki Hansai, ya sayo maganin feshi don wakensa, ya kawo mini a majalisar ƙofar masallaci bayan la'asar, mutane cike. Na karɓa na fara karantawa da ƙarfi, da murya irin ta mai labarai a rediyo. Na iso wasu layuka uku da ban gane komai a cikinsu ba. Abin da ya kamata in ce shi ne, "Malam Sule, nan ban gane ba, bari gobe mu tambayi malamin gona." Amma ido yana kaina. Sai na tsallake su kamar ba a rubuta ba, na ce masa murfi kaza a tanki, da ka kawai. Ya je ya fesa. Kwana uku, waken nan yana tsakiyar fure, ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ashe layukan da na tsallake su ne suke cewa kada a kusanci wake da shi.

Malam Sule bai zage ni ba. Da ya zage ni da na samu abin yi, don zagi fagena ne. Ya tsaya a kan iyaka yana kallon gonar, ya ce, "Sagiru, ashe akwai wurin da ba ka gane ba?"

Na ce, "Akwai."

Ya ce, "To ai da ka faɗa. Mu duk kwalbar ce ba mu gane ba, kuma ga mu nan ba mu mutu ba."

Damina biyu ina fara nome gonarsa kafin tawa, ba shi ya sa ni ba.

Don haka ki ji. A kwaleji za a ba ku takardun lakca. Na ga na Lawan, har yau suna cikin buhu ɓera yana ci. Haddace su ake yi kamar yadda na haddace ƙamus, a zubar ranar jarrabawa, a fito wayam, a ce an zama malami. Wallahi abin nan yana ci mini rai. Kada ki yi. Duk layin da ba ki gane ba ki sa masa alama, ki ɗaga hannu a aji, in lokaci ya ƙure ki ja ƙawarki ku bi lakcara har ƙofar ofis, ki ce, "Malam, nan ban gane ba." Za a yi dariya? A yi. Ranar da kika tsaya a gaban yara, abin da kika tsallake a kwaleji su za ki fesa wa. Su kuwa ba sa ƙonewa a kwana uku kowa ya gani, sai bayan shekaru, a zauren jarrabawa, lokacin da ba wanda zai tuna sunanki balle ya tare ki a kan iyaka.

Da na yi hankali daga nan, da ba ki karanta wannan takarda ba. Ban yi ba. Abin da na koya kawai shi ne in ƙara haddar ƙamus.

Kin san al'adar garin nan ta kwanon malam. Tun zamanin kakannin kakanninmu, kafin a san wani abu boko, in baƙon malami ya sauka don karantarwa ba ya hura wuta. Gida-gida ake bi, kowane gida da ranarsa, a ɗaure kwanon abinci a adiko a kai masa. Da aka buɗe ƙaramar sakandare a bayan gari, kwaleji ta fara turo ɗalibanta koyarwar gwaji, dagaci ya ce su ma malamai ne, a sa su a layi. Kin kuma san makarantar nan ba ta taɓa samun malamin Turanci na dindindin ba. Waɗannan 'yan gwajin su ne duk abin da muke da shi.

Shekarar da kike aji biyu aka turo Nura. Siriri, mai ƙaramar murya, rigarsa biyu. Ni kuma an sa ni a kwamitin iyayen yara, wai Sagiru ya iya Turanci. Garin nan bai taɓa yin kuskure kamar wannan ba.

Yadda muke auna malami a nan ai kin sani, littafin yaro ake buɗewa. In ya cika da rubutu, malami yana aiki. In biro ya ƙare a sati biyu, uba ya yi ƙorafi a baki yana murna a ciki. Wanda ya zo kafin Nura cika allo yake daga wannan bango zuwa wancan, ya ce a kwafa, ya fita gindin darbejiya ya zauna yana latsa waya. Mun so shi! Da zai tafi har zabbi aka haɗa masa. Bayan tafiyarsa ba yaron da zai iya tambayar hanyar kasuwa da Turanci, amma littattafai sun cika taf, mu kuma mun gamsu.

Sati huɗu da zuwan Nura na ce ki kawo littafinki. Shafi biyu da rabi. Na juya, na juya, fari fat. Na ce, "Me kuke yi a ajin?"

Kika ce, "Magana muke yi, Baba." Kina murmushi kika faɗa.

Magana! Ga shi kwanakin na lura kina yi wa kaji Turanci a tsakar gida, kina yi wa akuya faɗa da shi in ta taɓa dusa, kurakurai kaca-kaca, ni ina ɗaki ina cije leɓe. A raina na yanke hukunci: yaron nan bai iya ba ne, shi ya sa ba ya rubutu, yana rufe jahilcinsa da wasa. Ban tambaye shi ba. Ban tambayi shugaban makaranta ba. Ni da ƙamusina mun isa.

Washegari Laraba, ranar kwanonmu ce. Innarki tun safe ta tsinko zogale tana haɗa dambu, don ke kika ce mata Malam Nura yana son dambu. Na taso daga gona da hantsi, fartanya a kafaɗa, na biyo ta bayan makaranta. Tun daga nesa nake jin hayaniya kamar ranar kasuwa. Na leƙa ta taga. Allo ba komai sai kalma biyar ko shida. An ture bencuna gefe. Yara sun baza gyaɗa da kuɓewa da barkono a kan takarda, biyu-biyu suna ciniki. Ke kuma kina gaban aji, kin naɗa ɗankwali a kan hijabinki irin na Gwaggo Ladi mai awo, gabanki tiya cike da wake. Hansai ce mai saye. Ta tambaye ki da Turanci nawa tiya. Kin ɗaga hannu, kin buɗe baki za ki ba ta amsa, duk aji na jira suna dariya.

Ko sallama ban yi ba. Na shiga da fartanyata.

Na ce, "Makaranta na turo ki ko kasuwa? In awo kike so ga Gwaggonki nan, ba sai na ɗinka yunifom ba!"

Nura ya taso, ya ɗan rusuna, ya ce, "Sannu da zuwa, Baba. Darasi ne muke yi, in za ka ɗan zauna ka..."

Na ce, "Darasin me? Ina darasin? Nuna mini shi a allo!"

Na ɗauki littafin karatu a kan teburinsa, na buɗe tsakiya, na karanta shafi guda a tsaye ba numfashi, da muryar nan tawa ta rediyo. Na jero masa manyan kalmomin ƙamus guda goma, na ce ya faɗi ma'anar ɗaya in ya isa. Ban ma jira amsarsa ba. Na juya wajen yara na ce, "Kun gani? Ni da ban gama firamare ba!" Wasu suka yi dariya, dariyar tsoro. Sannan na juyo kanki. Wannan nake so in rubuta da hannuna, don kada wata rana in ce na manta. Na ce, "Ke kuma, in ba ki iya abu ba ki rufe bakinki. Kada ki ƙara ba ni kunya da wannan shirmen."

Kika rufe. Kika kwance ɗankwalin, kika juye waken a leda, kika ja benci kika zauna.

Da azahar Innarki ta ɗaure kwano a adiko, kika kai. Kafin la'asar kika dawo da shi. Ɗaurin Innarki ne a jiki, ba a kwance ba. Tsofaffin garin nan sun ce tun tasowarsu ba su taɓa jin an dawo wa wani gida da kwanon malam a ɗaure ba. Innarki ta karɓa ta ajiye shi a gabana. Na ce, "Girman kai ne! Ɗan gwaji ma ke nan, ina ga ya zama malami?" Na kwance, na cinye dambun nan duka ni kaɗai don haushi.

Ranar Juma'a Nura ya hau motar Minjibir. Kwaleji ta ji abin da ya faru, ta daina turo mana kowa. Ba na ganin laifinsu, wa zai tura ɗansa inda ake shiga aji da fartanya? Shekara shida ke nan. Ƙannenki Sadiƙu da Binta suna can yanzu, malamin lissafi ne yake leƙa su in ya samu sarari, ya kwafa musu shafi a allo. Littattafansu cike. Abin da na nema ke nan, an ba ni.

Ke kuma kika zama mai rubutu. Kika gama a nan, kika tafi babbar sakandare, kika ci Turanci a jarrabawar fita har shugaban makarantarmu ya tako gida ya yi mini barka. Na yi ta yawo da sakamakon a aljihu ina nuna wa mutane kamar ni na rubuta. Ban taɓa tsayawa na lura cewa tun ranar nan ban ƙara jin kin yi wa ko kaza Turanci ba.

Bara bayan girbi na kai wake kasuwar hatsi ta Dawanau. Ina tsaye ana sauke buhuna, sai na ji an ce, "Baban Uwani?" Na juya. Ya ɗan yi jiki, ya bar gemu, amma muryar tana nan. Nura. Yana koyarwa a wata sakandare ta wajen Dawakin Tofa, ya zo sayen hatsin gida. Na rasa inda zan sa fuskata. Shi kuwa hannu biyu ya miƙo. Muka koma inuwar wata rumfa.

Tambayarsa ta farko, "Ina 'yar kasuwata? Har yanzu tana surutu? Ita ce fa bakin ajin nan. In ta fara, har masu kunya biyo ta suke."

Na ce, "Tana rubutu sosai."

Ya dube ni. Ya gane. Ya ce, "Allah Sarki."

Ni kuwa bakina bai daddara ba. Na ce, "To amma Malam, tsakani da Allah, shafi biyu da rabi a sati huɗu?"

Ya yi dariya har ya dafa buhu. Ya ce, "Baba, ai abin da aka koya mana ke nan. Kunne tukuna, sai baki, sai ido, sannan hannu. Yaro ya ji, ya faɗa, ya karanta, sai ya rubuta. Kai da ka koyi Hausa, da biro ka fara? A sati na shida za mu soma rubuta cinikin da suka yi da bakinsu. Na riga na tsara shi a littafin shirin darasi, malaminmu ya sa hannu." Sannan ya ce, "Kalmomin nan da ka jefe ni da su kuwa, bakwai ban san su ba. Da na koma na duba su. Har yau ban samu inda zan yi amfani da ko ɗaya ba."

Na ce ya yafe mini. Ni Sagiru, a tsakiyar Dawanau, 'yan dako suna wucewa suna kallo. Ya ce ya yafe tuntuni. Sai ya ƙara abin da ya sa na kawo miki labarin nan. Ya ce, "Ni ma ina da nawa. Da na ci dambun nan. Uba ɗaya ne ya yi mini ihu, na bar aji guda. Na rama a kan waɗanda ba su yi mini komai ba. Ka gaida Inna, ka ce mata har yau ina tuna ƙanshinsa ta cikin adikon. Ka gaida Uwani."

Na isar wa Innarki tata gaisuwar a ranar. Taki shekara guda ina riƙe da ita, na kasa. Ga ta, na isar.

Na daɗe ina tambayar kaina me ya tunzura ni a tagar nan. Da ina cewa farin littafi ne. Ƙarya nake wa kaina. Na ga 'yar shekara goma sha uku tana wasa da abin da ni na sha wuya a kansa, tana kuskure tana dariya ba ta jin tsoron kowa. Ni kuwa na fi kowa a garin nan yawan kalmomi, amma ban taɓa yin hirar minti biyar da Turanci da wani mahaluki ba. Ban iya ba. Karatu da ƙarfi na iya, da jifa. Ke a sati huɗu kin yi abin da ban yi ba a shekara ashirin, sai na ji haushi. Uba ya ji haushin 'yarsa. Na rubuta, ki karanta, Allah Ya gani.

To yanzu ki saurara, don nan ne shawarar take.

A kwaleji za ki haɗu da 'yan birni da suka yi makarantun kuɗi, Turanci yana zuba a bakinsu kamar famfo. Wasu za su ji yadda kike furta kalma su kalli juna. Tun yanzu raina ya ɓaci da su, ban ma gan su ba. Amma kada ki yi irin tawa, ki mayar da su abokan gaba. Ki zauna kusa da wadda ta fi iyawa. Ki samu ƙawa ɗaya ku yi alkawari, in kuna wanki ko girki ba Hausa sai an gama. Ki kunna rediyo ki maimaita abin da aka faɗa. Ki karanta littafi da murya, ba a zuci ba. In babu kowa, ki nemi kaza, na san ba za a rasa ta a bayan ɗakin kwananku ba.

Ranar da aka tsayar da ke a gaban aji, za ki yi kuskure. Ki yi. Wanda yake zaune a baya yana rubutu ba ni ba ne. Shi aikinsa ya nuna miki inda kika kauce don ki gyara, ni kuwa so nake a ga na fi. Ki karɓi gyara hannu biyu. Abin da ban taɓa samu ba ke nan a rayuwata, ki ga yadda rashinsa ya mayar da ni.

In lokacin koyarwar gwaji ya zo, kada ki bari wani ya nema miki inda ake sa hannu ba a shiga aji. Lawan a shagon cajin waya ya yi nasa zangon, ya dawo da takarda cike da yabo. Ki je inda aka tura ki, ko ƙauyen da mota ba ta shiga ne. Kuma ki sani, kowane gari yana da Sagirunsa. Zai buɗe littafin ɗansa ya ga fari, ya taho. Ki riga shi. Satin farko ki shiga gidaje ki gaida iyaye mata, ki faɗa musu me kike yi da dalilinsa, su za su faɗa wa mazan. Ki ba yara ɗan abin rubutawa ko layi uku ne kullum, don hankalin ubanni ya kwanta, mu mutane ne masu son ganin tawada. In duk da haka ya shigo da fartanyarsa, kada ki yi musu da shi a gaban yara. Ki ba shi benci a baya. In ya zauna ya ji, to. In ya ƙi ya yi ihunsa ya fita, ki juya wajen yarinyar da take tsaye ki ce mata, "Ci gaba." In an kawo kwano da azahar, ko daga gidansa ne, ki kwance ki ci.

Kuma duk ranar da yaro ya buɗe baki ya yi kuskure a ajinki, ki tuna ranar Larabar nan. Ki gyara masa kalmar, ki bar masa bakinsa.

Maganar Litinin kuwa, ba zan ce miki dole ba. Na yi dole sau ɗaya na ga abin da ta haifar. In kin duba kin ga wani kos kike so don kina son sa, bismillah, zan sa albarka, ba za ki ji komai daga bakina ba. Amma in don tsoron buɗe baki ne, wannan tsoron ba naki ba ne. Kafin in shiga ajin nan ba ki da shi, na gani da idona ta taga. Nawa ne, ni na ɗora miki. Ki sauke mini kayana a ƙofar ofishin rajista ki shiga.

Ni ma na yi abin da zan iya. Shekaranjiya na je wurin shugaban makaranta na roƙe shi ya sake rubuta wa kwaleji su dawo da turo mana 'yan gwaji. Na ce ya rubuta a ciki cewa mai fartanyar ya sauka daga kwamiti, na sa hannu a ƙasa. Ya ce, "Sagiru, yau lafiya?" Na ce ya rubuta kawai kafin in canza shawara. Ko za su turo, ko ba za su turo ba, Allah ne masani. Kwanon dai yana nan a saman kabad. Shekara shida Innarki ba ta zuba komai a ciki ba, ta ce ba za ta sake ɗaure shi ba sai wa malamin Turanci. Ban ce komai ba. Kin ga na fara koyo.

Saura abu ɗaya. Hansai ta tambaye ki nawa tiya, ba ki ba ta amsa ba. Ita ta yi aure ta bar gari, don haka ni zan tsaya a madadinta. In kin zo hutun farko, zan cika tiya da wake in ajiye a tsakar gida, in tsuguna in tambaye ki da Turancina na buhun taki. Ki ba ni amsa yadda ta zo bakinki. Ki tsuga mini tsada ma in kin ga dama, zan taya. Innarki za ta zauna a gefe da muciya a hannu, na ba ta izini, in ta ga leɓena ya motsa zai yi gyara ta san abin yi. Ta ce ta daɗe tana jiran wannan izinin.

Ki riƙe salla a kan lokacinta. Ki kula da wa kike tafiya, ki kulle akwatinki, ki ci abinci. Allah Ya buɗe miki ƙirji da harshe, Ya haɗa ki da malamai masu haƙuri irin Nura, Ya raba ki da masu hali irin wanda na yi. Allah Ya tsare ki a zamanki da fitarki, Ya dawo mana da ke lafiya. Innarki da Sadiƙu da Binta suna gaishe ki.

Ki yafe mini, Uwani.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sagiru